DAGA RUBUTU ZUWA LAMBA: YADDA KWAMFUTA KE KARANTA ƘIDAYA DA DARASIN DA KE CIKI GA ƊALIBIN HAUSA

1.0 Gabatarwa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da shirya manhajar kwamfuta? Ni ma haka na ɗauka a da, har sai da wani abu ya faru a shagon kawuna da ke kasuwar kifi ta Baga Road a nan Maiduguri. Wani abokina mai karatun kwamfuta ya shirya masa ƙaramar manhaja don ajiye lissafin shago. A lokacin hutu ni nake zama ina shigar da kuɗin da yaran shago suka kawo. Wata rana wani yaro ya kawo kuɗin banda naira dubu arba'in da biyar, na rubuta 45,000 a akwatin da aka tanada, na danna. Da wata ya ƙare, sai lissafi ya nuna ana bin yaron naira 44,955. Kawu ya kira shi a gaban mutane. Yaro ya rantse, har da hawaye. Da ba don wani dattijo da ke zaune ya ce, "Alhaji, ɓarawo ba ya barin naira arba'in da biyar," ba, da an sallame shi a ranar. Da aka bincika, sai aka ga ashe manhajar ce ta karanta 45 ta tsaya a kan waƙafi, ta yi watsi da sauran.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda kwamfuta ke mayar da abin da mutum ya rubuta ya zama lamba, da wuraren da ake tuntuɓe. Daga nan za ta dubi tsarin ƙidayar Hausa, domin a ga abin da za a koya wa na'ura idan ana so ta fahimci "dubu uku da ɗari biyar" kamar yadda take fahimtar 3500. Za a ga cewa rabin aikin na masu nazarin harshe ne.

2.0 Bambancin Rubutu da Lamba

Duk abin da mutum ya buga a kwamfuta, rubutu ne a wurinta, ko da kuwa alƙaluma ya buga. Kowace alama tana da lambar da aka yi mata rajista da ita. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, alamar sifili tana da lamba 48, alamar 1 tana da 49, haka har zuwa alamar 9 mai lamba 57. Wato alamar 7 a wurin kwamfuta ba ta fi harafin "k" kusanci da lissafi ba. Dukansu zane ne.

Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi na ganin wannan bambanci. Na farko, idan aka ce wa kwamfuta ta haɗa rubutun "20" da rubutun "5", a harsunan shirya manhaja irin su Python da Visual Basic amsar da za ta bayar ita ce "205", domin ta jera su ne kamar yadda ake jera gaɓa da gaɓa a gina kalma. Sai an mayar da su lamba tukuna za ta ba da 25. Na biyu, idan aka ce ta jera rubutu bi da bi, za ta sa "10" kafin "9", saboda tana bin tsarin ƙamus ne, inda ake duban harafin farko kawai kafin a je na biyu.

Ɗalibin harshe ba baƙo ba ne ga wannan tunani. A darasin ilimin ma'ana an koya mana cewa kalma daban, abin da take nufi daban. "Biyar" da "5" da "uwu" na Kanuri duk alamu ne, adadin da suke nuni gare shi kuwa ɗaya ne.

3.0 Yadda Ake Juya Alƙaluma

Hanyar da kwamfuta ke bi ba ta da wuya. Tana farawa da sifili, sannan ta ɗauki alamomin ɗaya bayan ɗaya daga hagu. Kowace alama ta ɗauka, sai ta cire 48 daga lambarta don ta sami ƙimarta, ta ninka abin da ke hannunta sau goma, ta ƙara sabuwar ƙimar. Alal misali, a ɗauki rubutun "527":

(a) 0 sau 10, a ƙara 5, ya zama 5
(b) 5 sau 10, a ƙara 2, ya zama 52
(c) 52 sau 10, a ƙara 7, ya zama 527

Wannan dabara tana aiki ne saboda tsarin gurbi, inda matsayin alƙalami ke nuna darajarsa. Tsarin ya samo asali daga Indiya, kuma malamin nan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya yi rubutu a kansa a Bagadaza a ƙarni na 9. Kalmarmu ta "sifili" ma daga Larabci muka aro ta.

Ya kamata a lura cewa mayar da haruffa lamba ba sabon abu ba ne a ƙasar Borno da ƙasar Hausa. Malamanmu sun daɗe suna amfani da hisabi, inda alif yake 1, ba 2, jim 3, dal 4. Marubuta waƙoƙin ajami kan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da idan aka tara ƙimar haruffanta za a sami shekarar da aka yi waƙar. Sai dai akwai tsari biyu: a na Magariba, wanda malaman Afirka ta Yamma suka fi bi, harafin shin 1000 ne, a na Gabas kuwa 300 ne. Wanda ya karanta ramzi da tsarin da ba shi ba, zai yi kuskuren shekaru ɗari bakwai a harafi guda. Irin wannan matsala ce kwamfuta ke fama da ita a yau: alama ɗaya, al'ada biyu.

4.0 Wuraren Tuntuɓe

4.1 Waƙafi da Aya

A Visual Basic, da kuma ƙananan manhajojin da ake ginawa cikin Access da Excel, akwai umarni mai suna Val. Aikinsa shi ne ya karanta alƙaluma daga hagu, da zarar ya haɗu da alamar da bai sani ba, sai ya tsaya ya miƙa abin da ya samu. Ba ya ƙorafi. Idan aka ba shi 45,000 zai mayar da 45. Idan aka ba shi N500 zai mayar da sifili. Abin da ya faru a shagon kawu ke nan. Umarnin bai yi laifi ba, haka aka gina shi. Wanda ya zaɓe shi ne bai yi tunanin yadda mutanenmu ke rubuta kuɗi ba.

Akwai wani umarnin mai suna CDbl wanda ya san waƙafi, amma shi kuma yana bin ƙasar da aka saita kwamfutar a kanta. A nan ne zama a Maiduguri yake da darasi, domin Jihar Borno ta yi iyaka da Nijar da Chadi da Kamaru. Mu a Nijeriya, bisa al'adar Ingilishi, waƙafi ne ke raba dubbai, aya kuma ke raba naira da kwabo. A al'adar Faransanci kuwa, ɗan fili ake bari tsakanin dubbai, waƙafi kuma shi ke nuna ɓangaren da bai kai ɗaya ba. Saboda haka 1,500 da aka rubuta a Maiduguri dubu ɗaya da ɗari biyar ne, amma a kwamfutar da aka saita bisa tsarin Faransanci a Diffa ko Njamena, ɗaya da rabi ne.

4.2 Alamomin da Suka Yi Kama

Mutane da yawa kan buga harafin O a madadin sifili, ko ƙaramin harafin l a madadin 1. Ido ba ya ganin bambanci, kwamfuta kuwa tana gani. Haka kuma alamar naira: wani zai rubuta ₦, wani N, wani #, wani ma ya rubuta 15k. Ga kuma wanda ya yi karatun allo ko Islamiyya, zai iya rubuta ٥٠٠ a madadin 500. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba waɗannan alƙaluma na Larabci lambobinsu daban. Python yana karanta su, amma ba kowane harshen shirya manhaja ke yin haka ba.

4.3 Lambar da Ba Adadi Ba

Ba kowane jerin alƙaluma ne ya kamata a juya ba. Lambar waya a Nijeriya tana da alƙaluma 11 kuma da sifili take farawa. Idan aka mayar da ita adadi, sifilin farko zai ɓace, domin a lissafi 08 da 8 duk ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa buga lambobin wayar 'yan ajinsu a Excel ya ga wannan. Bugu da ƙari, ma'ajin lamba da aka fi amfani da shi a manhajoji da yawa ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647, lambar waya kuwa ko an cire sifilin ta haura haka. Ƙa'idar ita ce: abin da ba a tarawa ko a debe shi, kamar lambar waya, lambar asusun banki da lambar jarrabawa, suna ne, a bar shi a matsayin rubutu. A nahawu ma mun san "aji uku" daban, "azuzuwa uku" daban.

4.4 Mafita

Mai shirya manhaja na ƙwarai ba ya amincewa da abin da aka buga sai ya tantance. A harshen C# akwai umarnin TryParse, wanda ke gwada juyawa ya dawo da amsar "an yi" ko "ba a yi ba". Idan ba a yi ba, sai manhaja ta gaya wa mutum cikin harshen da yake ji, misali: "Ba a gane wannan adadi ba, a sake rubutawa." Kuskuren da ya yi ƙara ya fi wanda ya yi shiru alheri, domin mai shirun ne ya kusa raba yaro da abincinsa.

5.0 Idan da Kalmomin Hausa Aka Rubuta Fa?

Yanzu a ɗauka ana so a gina manhajar da mutum zai rubuta adadi da kalmomin Hausa ta fahimta. Dole ne wani ya zauna ya fayyace mata ƙa'idojin ƙidayar Hausa ɗaya bayan ɗaya.

5.1 Tubalan Ƙidaya

Abin farko shi ne jerin kalmomi da ƙimarsu. Daga ɗaya zuwa goma kalmomin Hausa ne. Daga ashirin zuwa casa'in kuwa aro ne daga Larabci, waɗanda suka ture tsofaffin siffofi irin su "gomiya biyu" da "gomiya uku". Sai ɗari da dubu, sannan miliyan da biliyan daga Ingilishi. Akwai kuma waɗanda ake ji a bakin dattawa da cikin tsofaffin littattafai, kamar metan 200, arbaminya 400, hamsaminya 500, da zambar da ake amfani da ita wajen ninka dubu.

Ni da Hausa ta zame mini harshe na biyu, wannan wuri ya daɗe yana ba ni sha'awa. A Kanuri biyu "indi" ne, ashirin kuma "findi", wato an gina shi daga cikin harshen. Amma ɗari "miya" ne, daga Larabci. Hausa ta ari gomomi ta riƙe ɗarinta, Kanuri ya riƙe gomominsa ya ari ɗari. Kowane harshe da inda ya buɗe wa baƙo ƙofa.

5.2 Ƙa'idoji Uku

Ƙa'ida ta farko ita ce tarawa. Kalmomi biyu ke nuna ta: "sha" daga 11 zuwa 19, da mahaɗin "da" a sauran wurare. Goma sha biyu 12, ashirin da biyu 22. A lura cewa a magana akan jefar da "goma" a ce "sha biyu" kawai, don haka dole a gaya wa na'ura cewa "sha" a farkon adadi yana ɗauke da goma a ɓoye.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ninkawa. Idan adadi ya biyo bayan ɗari ko dubu ko miliyan ba tare da mahaɗi ba, ninkawa ake yi. A kwatanta:

ɗari biyu = 200
ɗari da biyu = 102

Gaɓa guda ce ta raba su. Haka kuma a Hausa babban adadi ne ke zuwa farko, mai ninka shi ya biyo baya, saɓanin Ingilishi. Manhajar da aka gina don Ingilishi ba za ta yi aiki ba ko da an fassara mata kalmomin, domin ginin ne ya bambanta.

Ƙa'ida ta uku ita ce debewa, da kalmomin "ba", "babu" ko "gaira". Ashirin ba ɗaya 19, ɗari ba biyar 95, dubu biyu ba ɗari 1,900. Wani lokaci ma kalmar debewar takan koma ƙarshe, a ce "ashirin biyu babu", wato 18. A Kasuwar Monday irin wannan ƙidaya ce ake ji kullum.

Da waɗannan ƙa'idoji za a iya warware dogon adadi. A ɗauki "dubu uku da ɗari biyar da ashirin da huɗu". Sai a yanka shi a duk inda "da" ya fito, a sami yanki huɗu: dubu uku 3000, ɗari biyar 500, ashirin 20, huɗu 4. A tara, a sami 3,524.

5.3 Harshen Damo

Sai dai wannan yanka ba ya aiki a ko'ina. A dubi "dubu ashirin da biyar". Idan aka bi hanyar da ke sama, za a sami 20,000 da 5, wato 20,005. Amma duk wanda ya ji wannan a kasuwa ya san 25,000 ake nufi. Matsalar ita ce, mahaɗin "da" yana iya haɗa biyar da ashirin a cikin abin da ke ninka dubu, yana kuma iya haɗa biyar da dukan dubu ashirin. Wannan shi ne harshen damo na ginin jimla, irin wanda muke zana wa bishiya biyu a aji. Haka "dubu ɗari biyu da hamsin" yake: 250,000 ko 200,050.

Masu harshen suna da hanyar warware shi. Mai nufin 250,000 yakan maimaita, ya ce "dubu ɗari biyu da dubu hamsin". Mai nufin 200,050 kuma ya ce "dubu ɗari biyu da naira hamsin". A lura kuma cewa "sha" ba ya haifar da wannan ruɗani: "dubu goma sha biyu" 12,000 ne kawai, domin "sha" ya fi "da" ɗaure abin da ke gefensa. Haka nan "rabi" yana komawa ne ga babban adadi: "miliyan biyu da rabi" 2,500,000 ne, ba miliyan biyu da sulai biyar ba.

A inda jimla ta ɗauki ma'ana biyu, abin da ya dace shi ne manhaja ta nuna duka biyun ta ce a zaɓa. Matambayi ba ya ɓata, ko da na'ura ce.

5.4 Rubutu da Karin Harshe

Kafin a kai ga duk wannan, sai an daidaita rubutu. Mutane da yawa kan rubuta "daya", "hudu" da "dari" ba lanƙwasa, kuma a wurin kwamfuta d da ɗ haruffa ne biyu da ba su san juna ba. Alhamzar da ke cikin arba'in, saba'in da casa'in ma iri biyu ce: akwai miƙaƙƙiya, akwai lanƙwasasshiya wadda Microsoft Word kan sa da kansa. Ga kuma karin harshe: huɗu da fuɗu, shida da shidda, biyar da biyat ta Sakkwatanci, casa'in da tis'in. Dole ne jerin kalmomin ya ƙunshi dukansu.

Sannan akwai kalmomi masu rubutu ɗaya, tun da daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali da karin sauti. "Tara" adadi ne, kuma aikatau ne. "Ɗari" adadi ne, kuma sanyin hunturu ne. "Sha" na cikin sha biyu ba shi ne na shan ruwa ba. A akwatin da aka keɓe don adadi wannan ba matsala ba ce, amma idan daga cikin labari ake so na'ura ta tsamo lambobi, to wanda ya ce "na shiga uku" bai ƙidaya komai ba.

5.5 Ƙidayar Kuɗi

Kuɗi suna da nasu ƙamus. Lokacin da Nijeriya ta koma naira a ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ɗaya kuma kwabo goma. Shi ya sa jaka, wadda a da fam ɗari ce, ta zama naira 200. A Nijar kuwa da dala ake ƙidaya, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. "Dala ashirin" sefa 100 ce, "dala ɗari" sefa 500, jaka kuma sefa 1,000. Masu Larabcin Chadi ma haka suke yi da riyal, wanda shi ma sefa biyar ne. Saboda haka idan baƙo daga Zinder ya ce "ɗari", sai a san bakin wa ta fito kafin a rubuta lamba.

6.0 Gwaji

Ga ɗan aiki ga mai karatu. A mayar da waɗannan alƙaluma, a kuma nuna wanda yake da ma'ana fiye da ɗaya:

(a) ɗari tara da tara
(b) talatin ba biyu
(c) dubu sha biyar da ɗari biyu
(d) dubu arba'in da biyar
(e) miliyan ɗaya da rabi

Bayan haka, duk wanda Hausa ba harshensa na farko ba ne, ya gwada rubuta ƙa'idojin ƙidayar harshensa, ko Kanuri ne, ko Babur, ko Margi, ko Fulfulde, ko Larabcin Shuwa, ya ga ko ƙa'idoji ukun nan sun ishe shi.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kwamfuta tana karɓar komai a matsayin rubutu, kuma juya shi zuwa lamba yana buƙatar sanin al'adar wanda ya rubuta: inda yake sa waƙafi, alamar kuɗin da yake amfani da ita, da harshen da yake ƙidaya da shi. Ta kuma nuna cewa ƙidayar Hausa tana tafiya bisa tarawa da ninkawa da debewa, tare da harshen damo a tsakanin dubu da mahaɗin "da". Mai shirya manhaja ya san yadda ake ba na'ura umarni, amma ba lalle ne ya san cewa "dubu ashirin da biyar" tana da fuska biyu ba. Wannan sani yana wurinmu, kuma Jami'ar Maiduguri, wadda tun kafuwarta a 1975 take tara masu harsuna iri-iri, wuri ne da ya dace a haɗa hannu a kan irin wannan aiki. Shawarata ga 'yan'uwa masu neman batun kundin kammala digiri ita ce su dubi wannan fage.

Game da shagon kawu kuwa, abokina ya gyara manhajar. Yanzu idan aka buga adadi, takan sake nuna shi da manyan alƙaluma ta jira a amince kafin ta ajiye. Kawu ya ba yaron haƙuri a gaban mutanen da ya tuhume shi a gabansu, kuma har yanzu yana shagon.